Raunin Birkin Mota: Yadda Ake Gano Tushensa da Lokacin Sauya Fad

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya koma zafi. Idan direba ya taka feda, ƙarfin ƙafarsa yana fara shiga busta, baƙar tukunyar nan da ke manne da bangon gaban direba a cikin bonet, ita kuma ta ninka shi da taimakon iskar da inji ke zuƙa. Daga nan masta, wato famfon birki, ta tura man birki cikin siraran bututai zuwa ƙafafun mota huɗu. A ƙafafun gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da kalifa da ta rungume shi, da fad biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Mai ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad biyu su matse faifai. A ƙafafun baya na yawancin tsofaffin motoci diram ne, inda lainin biyu ke buɗewa su goga a jikinsa daga ciki. Duk lokacin da aka tsaya, wani ɗan abu daga jikin fad ya tafi ya zama ƙura. Haka aka ƙera shi, domin shi ya ci, faifai ya tsira.

Da an taka birki nauyin mota yakan karkata gaba, shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, kusan kashi biyu cikin uku ko fiye. Fad ɗin gaba kan ƙare sau biyu ko uku kafin lainin baya ya nemi sauyi.

Ƙasar Gumel, da ƙananan hukumominta huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shimfiɗaɗɗiya ce. Babu dutse, babu doguwar gangara. Direban da ya san hanya yana iya tashi daga Gumel ya isa Maigatari bai taka birki da gaske ko sau ɗaya ba. Ya saki totur, ya rage giya, mota ta lafa da kanta. Wannan sauƙin shi ne ke ɓoye cuta. A ƙasar duwatsu birki mai rauni yakan tona asirin kansa a gangarar farko. A nan kuwa yana iya yin watanni yana raguwa kaɗan-kaɗan, ƙafar direba tana sabawa da shi, yau ta ɗan ƙara nutsa feda, gobe ta fara takawa tun daga nesa, har mai motar ya rantse birkinsa lafiya lau. Ranar da za a gwada shi ita ce ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, mota ta sha buhunan riɗi ko zoɓo har but ba ya rufuwa, fasinja sun cika, sai ga saniya ta ɓalle daga garke, ko amalanke ta hau kwalta daga hanyar gona ba tare da mai ita ya waiga ba.

Lissafin abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafa ta kai ga feda. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau huɗu. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya nuna haka ƙarara: a gudun kilomita 48, mota mai lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta tana bukatar mita 14 daga lokacin da birki ya kama, a gudun kilomita 96 tana bukatar mita 55. Shi kuma lodi, idan nauyin mota ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Fad ɗin da aka ƙera wa motar mutum biyar shi ne dai ke ƙarƙashin motar da aka cusa wa mutum tara da kayansu.

Bayan shimfiɗar ƙasa, abu na biyu da ya keɓanta da yankin Gumel shi ne yashi. Hanyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da yawansu rairayi ne, ga ƙurar hunturu, ga laka da damina. Yashi yana shiga tsakanin fad da faifai yana gurzar su biyun. Yana kuma shiga ta duk inda robar kariya ta yage, ya haɗu da giris ya daskare, ya riƙe ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu. Saboda haka adadin kilomitar da littafin mota ya ambata ba ma'auni ne da za a dogara da shi a nan ba, balle a motar da mitarta ta daɗe da tsayawa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa duk birkin da ya yi rauni fad ne ya ƙare. Mutum ya je gareji ya ce a canza masa fad, a canza, ya biya, ya fito, birki na nan yadda yake. Fad ɗaya ne daga cikin abubuwa shida ko bakwai da ke raunana birki, kuma ana iya rarrabe wasu daga cikinsu tun mota na tsaye a ƙofar gida, da ƙafa kawai.

Gwaji na farko ana yin sa inji a kashe. A taka feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, a ci gaba da danne ta, sannan a tayar da mota. Idan busta lafiya take, za a ji feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa da zarar inji ya kama. Idan ba ta motsa ba, kuma a kan hanya feda tana da tauri, sai an dage da ƙarfi kafin mota ta lafa, to matsalar tana wajen busta, ko tiyon iskar da ya haɗa ta da inji ya tsage. Wani lokaci har ana jin sautin iska na huci a ƙasan sitiyari idan an taka. A motocin dizal famfo ne na musamman ke samar da wannan zuƙar, shi ma yakan gaji. Sabon fad ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Gwaji na biyu, inji na aiki, a ɗora ƙafa a kan feda da matsakaicin ƙarfi a riƙe ta kamar rabin minti. Ya kamata ta tsaya wuri ɗaya. Idan tana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana tserewa ta wani wuri. A duba ƙasa inda motar ta kwana, a duba cikin tayoyi da bayan diram ko akwai jiƙa. Idan ba a ga ɗigo ko'ina ba, kuma man da ke cikin kofi bai ragu ba, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagaye su ya koma baya. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace haɗari, domin motar tana iya tsayawa daidai sau goma ta ƙi na sha ɗaya. Motar da fedarta ke nutsewa ba ta cancanci hawa titi ba, ko da zuwa tasha ne.

Akwai kuma fedar da ke da taushi, ana takawa tana lotsawa, sai an famfa ta sau biyu ko uku ta taso. Yawanci iska ce ta shiga bututu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafa yana ƙarewa wajen matse kumfar iska maimakon tura fistin. Maganin shi ne a fitar da iskar ƙafa bayan ƙafa, amma bakanike nagari ba ya tsayawa nan, sai ya nemo inda ta shiga. Tsohon tiyon roba da ke kumbura idan mai ya matsa shi ma yana kawo irin wannan taushin. Idan kuma feda tana yin nisa kafin ta kama, amma da ta kama tana da ƙarfi, kuma birkin hannu yana tashi sama sosai, to lainin baya ne ya ci ko ya yi nisa da diram, yana son a matso da shi.

Bayan ƙafa sai kunne. Yawancin fad suna da wani ɗan harshen ƙarfe a gefe. Idan naman fad ya ragu zuwa milimita 2 ko 3, harshen ya fara taɓa faifai yana wani siririn kuka, tsiii, wanda sau da yawa ake ji mota na tafiya a hankali, ya ɗauke ko ya canja idan an taka birki. Da gangan aka sa shi. Ya bambanta da ɗan kukan da birki kan yi da sassafe bayan ruwan sama ko raɓa, wanda tsatsar dare ce kawai, tana gogewa bayan tsayawa biyu ko uku. Ƙaramar tsakuwa da ta maƙale tsakanin faifai da garkuwarsa ita ma tana kuka, kuma a hanyoyin burji ba baƙon abu ba ne. Amma idan ƙarar ta zama gurnani mai kauri, gurrr, ana jin sa har a feda, naman fad ya ƙare ƙaf, ƙarfen bayansa ne ke cin faifai. A wannan matakin kuɗin gyara ya riga ya ninka, domin faifai ya shiga lissafi. Kuma ba kowane fad ne ke da harshen gargaɗi ba. Masu araha da yawa babu shi, don haka shirun birki ba shaidar lafiyarsa ba ne. Wasu motocin Turai waya ce ke kunna fitila a dashbod idan fad ya ci, sai dai a tsofaffin motocin da ke yawo a nan sau da yawa an daɗe da yanke ta.

Hannu ma yana da nasa labarin. A sami fili marar mutane, a taka birki a gudun kilomita 30 ko 40, hannu na riƙe da sitiyari sako-sako. Idan mota ta fizga dama, birkin dama ya fi na hagu kamawa, wato laifin yana iya kasancewa a hagun: kalifa ta kafe, ko mai ko giris ya jiƙa fad. Kafin a zargi birki dai a fara auna iskar tayoyi, don taya mai ƙarancin iska tana jan mota. Idan sitiyari yana rawa ko feda tana bugun ƙafa duk lokacin da aka taka a kan gudu, faifai ne ya daina zama daidai, wani gefe ya fi wani kauri. A motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kafewa idan an taka birki, feda takan yi karkarwa da ƙara idan aka taka da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar hanya. Wannan aikinta take yi, kuma abin da ake so shi ne a ci gaba da dannewa, kada a ɗaga ƙafa.

Bayan tafiya mai ɗan nisa, a zagaya mota a kusantar da bayan hannu ga kowane wili ba tare da an taɓa ba. Idan ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, ko yana warin ƙuna, fad ɗin wannan ƙafar bai saki faifai ba. Irin wannan motar tana shan mai fiye da kima, kuma tana cinye fad ɗin gefe ɗaya cikin makonni.

Zafi da kansa yana kashe birki na ɗan lokaci. Fad ɗin da ya wuce iyakar zafinsa yakan daina kamawa ko da feda tana da tauri, fuskarsa kuma ta yi sheƙi ta yi santsi. Wannan ya fi samun direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa idan tafiya ta kai shi wuri irin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya sauko gangara ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Giya ce ke sauko da mota daga dutse, birki taimako ne. Manyan motocin da ke kwasar shanu daga Maigatari zuwa kudu birkin iska gare su, nasu tsarin daban ne: a jira agogon iska ya cika kafin a tashi, a saurari huci bayan an kashe inji, a zubar da ruwan da ke taruwa a tankunan iska.

Kofin man birki yana kan masta, da layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Yayin da fad ke ci, fistin yana ƙara fitowa, mai yana bin sa ya cike gurbin, sai kofi ya riƙa raguwa a hankali cikin watanni. Wannan raguwar saƙo ce. Wanda ya ga mai ya sauka ya sayi gwangwani ya cika bai gyara komai ba, ya dai share saƙon. Raguwa a hankali tana nufin a duba fad. Raguwa cikin kwanaki tana nufin yoyo. Jar fitilar birki idan ta kama alhali birkin hannu a sauke yake, galibi mai ne ya kai ƙasa.

Man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa yake tsufa ko da ba a taɓa shi ba. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Idan ruwa ya shige su kusan kashi 4 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Man da ya tafasa tururi yake zama, feda ta tafi ƙasa fanko, bayan mota ta huce ta dawo kamar ba abin da ya faru. A zafin bazara, da lodi, da kalifa mai riƙewa, kaiwa wannan matsayi ba wuya. Galibin kamfanonin mota suna cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Sabo garai yake, ruwan zuma-zuma. Idan ya yi baƙi ya daɗe da wuce lokacinsa. Irin da ya dace da mota a rubuce yake a murfin kofi. DOT 5 daban yake, ba a gauraya shi da sauran. Baƙin mai da man giya da man sitiyari suna kumbura robobin birki su lalata su gaba ɗaya. Ruwan omo da wasu ke zubawa idan mai ya ƙare musu a daji yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa fistin tsatsa. Motar da aka yi wa haka sai an wanke bututanta duka.

Shi kuwa fad, hukuncinsa na ido ne da ma'auni. A wasu motocin ana hango shi ta ramukan wili, amma abin da ake gani na waje ne kawai, kuma sau da yawa na ciki ya fi cinyewa. Hanyar da ta tabbata ita ce a ɗaga mota, a tokare ta da abin da ya fi jak aminci, a cire taya a leƙa ta tagar kalifa. Abin da ake aunawa naman ne kaɗai, ban da farantin ƙarfen da ke bayansa. Masu haɗa su biyun su ne ke cewa da sauran rai alhali babu. Sabon fad na gaba yana da nama wajen milimita 10 zuwa 12. Idan ya kai 5 ko 4, a fara tanadin kuɗi. Idan ya kai 3, a sauya. Wanda ba shi da abin awo ya gwada da tsinken ashana, wanda kaurinsa wajen milimita 2 ne: naman da bai fi tsinke ɗaya da rabi ba ya gama aiki. Dalilin da ya sa ba a jira ya ƙare shi ne siririn fad ba ya tare zafi, yana miƙa shi kai tsaye ga fistin da mai, kuma yana iya ɓallewa daga farantinsa lokaci guda. Fad ɗin da ya tsage, ko ya fara ɗagowa daga ƙarfe, ko mai ya jiƙa shi, ana sauya shi komai kaurinsa. Lokacin da ya fi sauƙin dubawa shi ne duk sanda aka cire taya wajen mai faci, da duk juyen baƙin mai. Motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gumel kullum, duba ta sau ɗaya a wata bai yi yawa ba.

Tsohon fad da aka ciro ba a jefar da shi sai an karanta shi. Idan guda huɗun sun ci daidai, kalifofi lafiya. Idan na ciki ya ƙare na waje da saura, ko ɗaya ya ci a karkace, gefe siriri gefe kauri, ƙusoshin kalifa ko fistin sun kafe. Sa sabon fad a kan wannan kalifar asarar kuɗi ce. Sai an zaro ƙusoshin an wanke, an shafa musu giris ɗin birki, an sauya robar da ta yage. Faifai ma yana da iyaka: akwai lamba da aka buga a jikinsa mai nuna mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Idan ya kai ta, ko ya yi zurfafan layuka, ko ya tsage, ko gefensa ya yi babban leɓe, sabo ake sawa, kuma biyu tare. Diram ɗin baya akan manta da shi shekaru. A buɗe shi a duba lainin da ƙaramar silindar da ke ciki, wadda yoyonta ba ya bayyana a waje da wuri. Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da baki ko da iskar famfo, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu fad da lainin har yanzu ana haɗa su da asbestos, mai illa ga huhu.

Fad ana sauya shi ne saiti, dama da hagu tare, ba gefe ɗaya ba. A kasuwar kayan gyara, daga shagunan Gumel har Ƙofar Ruwa a Kano, akwai mai kyau akwai jabu, wani lokaci cikin kwali iri ɗaya. Na kirki farantinsa a miƙe yake, fentinsa tsaf, da lamba a bayansa, namansa ba ya marmashewa idan an kankare gefensa da farce. Na hannu da aka ciro daga motar da aka wargaza, ba a san zafin da ya sha ba. Wanda kuma aka liƙa wa sabon nama da gam a kan tsohon faranti shi ne ya fi saurin ɓallewa. A nan arha ba ta da riba.

Bayan an ɗaura, fistin yana can ciki inda aka mayar da shi, don haka takawar farko feda za ta tafi ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Dole a famfa ta har ta yi tauri kafin mota ta motsa daga gareji, sannan a sake duba kofin mai. Sabon fad bai gama zama a kan faifai ba, kamunsa bai cika ba. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ana tafiya da shi a hankali, tsayawa mai laushi, da tazara mai yawa tsakanin mota da ta gabanta, ba tare da cika lodi ba, sannan a sake duba ƙusoshin taya ko sun saki.